Ko Ka Sani? Ɗan Tsakon Dinya Tsuntsun Ruwa Ne, Amma Ruwa Na Iya Kashe Shi

Dinya, tsuntsuwar nan mai dogon wuya da ƙarar murya wadda ta fi agwagwa girma, tana cikin tsuntsayen gida mafiya juriya. Idan ta girma ba ta cika ciwo ba, ciyawa ce mafi yawan abincinta, kuma tana iya yin shekara 15 zuwa 20 a raye. Ƙasar Sin ce kan gaba a kiwonta, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na naman dinya da ake samarwa a duniya daga can yake fitowa. Sai dai duk wannan juriya ba ta samuwa sai ɗan tsakonta ya tsallake watansa na farko. A wannan watan ne ake yin mafi yawan asara, kuma galibi ba annoba ce ke jawo ta ba. Jiƙa ce, da santsin daɓe, da abincin da bai dace ba.

Ƙwan dinya yana ɗaukar kwana 28 zuwa 35 kafin ya ƙyanƙyashe, gwargwadon nau'inta. Ɗan tsakon yana fitowa da nauyin kimanin giram 100, amma a manyan nau'o'i kafin ya cika mako 8 ya kai kilo 4. Wannan saurin girma shi ne ribar mai kiwo, shi ne kuma tushen yawancin matsalolin ƙafa da fiffike.

Ruwa da sanyi

Ko ka san cewa gashin ɗan tsakon dinya ba ya hana ruwa shiga? Babbar dinya tana da wani ƙullutu a gindin bindinta mai fitar da maiƙo. Da baki take lakato shi tana shafe gashinta, shi ya sa ruwa ke zamewa daga jikinta. Ɗan tsako kuwa lallausan gashi ne a jikinsa, mai shan ruwa. Wanda uwa ke reno yana samun ɗan maiƙo daga jikinta, idan ya jiƙe kuma ya shige ƙarƙashin fiffikenta ya bushe. Wanda inji ya ƙyanƙyashe, ko wanda aka sayo a kwali, ba shi da wannan gata. Idan ya faɗa cikin baho zai yi iyo da farko, daga nan gashin ya jiƙe ya yi masa nauyi, sanyi ya kama shi, ya kasa fitowa.

Saboda haka mazubin ruwansa ya zama mai zurfin da zai tsoma baki da hanci ya wanke ido, amma wanda jikinsa ba zai shiga ba. Kada kuma a ba shi busasshen abinci babu ruwa a kusa, domin yana iya shaƙewa.

A makon farko yana son ɗumi na kimanin digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har gashi ya fito sosai. Wanda ba shi da ma'auni, 'yan tsakin za su gaya masa. Idan sun cunkushe a ƙarƙashin fitila suna kuka, har wasu na hawa kan wasu, sanyi suke ji. Idan sun watse zuwa jikin bango baki buɗe suna haki, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu suna ci, wasu na barci sun miƙe wuya, to an dace. Mai amfani da kaskon gawayi a lokacin hunturu ya bar wa iska hanya, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su cikin dare ɗaya.

Ƙafa da fiffike

Ɗan tsakon da aka ajiye a kan leda, jarida ko daɓe mai santsi, ƙafafunsa na iya talewa, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ya koma jan ciki. Shimfiɗar ɓuntun shinkafa busasshe ko tsohon buhun algarara tana hana wannan. Idan ya riga ya faru, sai a haɗa ƙafafun biyu da tsumma mai laushi a saman tafin ƙafa, a bar tazara daidai tsayuwarsa, na 'yan kwanaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a kwanakin farko gyaran yana kamawa, idan aka yi jinkiri ƙafar ta zauna haka ke nan.

Akwai kuma raunin ƙafa da ke zuwa daga abinci. Ɗan tsakon dinya yana buƙatar bitamin B3, wato niyasin, kusan ninki biyu na abin da ɗan tsakon kaza ke buƙata. Masara tana da wannan bitamin, amma a ɗaure yake a cikinta, jikin tsuntsu ba ya iya cin moriyarsa sosai. Shi ya sa wanda aka tsare a ɗaki da ɓarzajjiyar masara kaɗai sai a ga gwiwarsa ta kumbura, ƙafa ta yi gwame, ya ɗan yi taku kaɗan ya zauna. Maganinsa bitamin B na zubawa a ruwa, da ɗanyen ganye da ciyawa mai taushi tun daga makon farko. A yanka ciyawar gajere-gajere, a kuma ajiye masa tsakuwa ƙanana, domin da su ƙundunsa ke niƙa abinci. Doguwar ciyawa mai tauri tana iya cushe masa ciki.

Yawan gata ma yana da illarsa. Idan aka daɗe ana ba shi abinci mai ƙarfi irin na kajin nama, gashin fiffike yana fitowa da sauri da nauyi tun gaɓar ba ta yi ƙwari ba, sai ƙarshen fiffiken ya murɗe ya leƙo waje. Abin da aka saba shi ne abinci mai furotin kimanin kashi 20 cikin 100 a makonnin farko, daga nan a sauko zuwa kimanin 15, a ƙara masa kiwo a fili. Idan aka lura da wuri, a naɗe fiffiken yadda ya kamata ya kwanta, a ɗaure na 'yan kwanaki. A jikin babba ba ya gyaruwa.

Funfuna, maƙiyin da ba a ɗauka da muhimmanci

Dinya tsuntsuwa ce mai fantsama ruwa, shimfiɗarta ba ta daɗewa a bushe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana yin funfuna, ɗan tsako ya shaƙi ƙurarta, ta kama masa huhu. Za ka gan shi ya miƙa wuya, baki buɗe, yana jan numfashi da ƙyar. Wannan ciwo ba shi da wani magani mai gamsarwa, sauya shimfiɗa a kan kari ne kawai kariya.

Funfunar abinci ta fi haɗari. Tana haifar da guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta, kuma 'ya'yan agwagwa da na dinya sun fi na kaza saurin kamuwa. An gano wannan guba ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Gyaɗa da masara su ne amfanin da ta fi kamawa, su ne kuma abin da muke haɗa abincin tsuntsaye da shi. Duk buhun da ya sha damina, ya dunƙule ko ya yi warin ruma, a zubar da shi. Dafawa ba ta kashe gubar.

Cututtukan da suka fi damun dinya

Cutar Derzsy ita ce mafi muni. Ƙwayar bairos ce, an fara ganinta a ƙasar Sin a 1956, ta bazu a Turai cikin shekarun 1960, aka kuma sa mata sunan likitan dabbobi ɗan ƙasar Hungari, Domokos Derzsy. Idan ta kama 'yan ƙasa da mako ɗaya tana iya share su gaba ɗaya, amma wanda ya wuce mako 5 ba ta cika kashe shi ba. Alamunta ƙin abinci, yawan ƙishirwa, ruwa a ido da hanci, da farin zawo. Waɗanda suka tsira sukan tsumbure, gashin bayansu ya zube. Ba ta kama kaza, amma tana kama agwagwa mai jan fuska, irin wadda ta cika gidajenmu. Ba ta da magani. Ana yi wa iyaye allurar rigakafi, kariyar ta bi ta ƙwai ta isa ga 'ya'yan.

Akwai tsutsar da ke zama ƙarƙashin fatar cikin ƙundu, wadda ɗan tsako ke haɗiya tare da ciyawa a wurin da manya suka daɗe suna kiwo. Yana ci amma yana ramewa. Maganin tsutsa da sauya wurin kiwo suna kawar da ita. Ciwon kokisidiya kuma, wanda a kaza hanji yake ci, a dinya akwai nau'insa da ke kama ƙoda, musamman tsakanin mako 3 zuwa 12.

Ko ka san cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta bazu a duniya a jikin dinya aka fara gano ta, a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996? A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Don haka kada a bar 'yan tsaki su sha ruwa ɗaya da tsuntsayen daji, sabon tsuntsu daga kasuwa kuma a killace shi na mako 2 kafin a haɗa shi da na gida.

Ba ya son kaɗaici

Ɗan tsakon dinya yana ɗaukar abu mai motsi na farko da ya gani a matsayin uwa. Masanin nan ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya shahara da 'yan tsakin dinya da ke binsa a baya duk inda ya sa ƙafa. Wanda aka bari shi kaɗai yakan yi ta kuka, ya rage cin abinci. Gara a yi renon biyu ko fiye.

Mai niyyar kiwon dinya, ka tanadi busasshiyar shimfiɗa, ɗumi, mazubin ruwa marar haɗari da abinci mai tsabta tun kafin 'yan tsakin su iso. Ka duba su safe da yamma. Duk wanda ka ga ya ware kansa ya takure, ka cire shi daga cikin 'yan'uwansa, kuma idan biyu ko uku suka mutu a rana ɗaya, ka nemi likitan dabbobi a ranar, kada ka tsaya gwada magunguna.