Malamin Kwaleji da Na'ura Mai Amsa Tambaya a Parakou da Djougou

Tun da aka saki manhajar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, malaman makaranta a ko'ina suke tambayar ko na'ura za ta raba su da abincinsu. Jamhuriyar Benin ba ta tsaya kallo ba. A Janairun 2023 majalisar ministocinta ta amince da tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira na 2023 zuwa 2027, kuma ilimi na cikin fannonin da aka lissafa. To, me wannan zai taɓa a aikin malamin kwaleji (CEG), wanda ke karɓar yara a ajin farko na kwaleji ya raka su shekara huɗu har jarrabawar BEPC?

Da farko dai, na'urar ta zo ta tarar da malamai ba su wadata ba. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Irin wannan giɓi ne ya sa gwamnatin Benin ta ɓullo da tsarin AME a 2019, inda ake ɗaukar matasa masu takardun jami'a su koyar bisa yarjejeniya. Inda ake neman mai riƙe alli ruwa a jallo, batun korar malami bai taso ba tukuna. Yanayin aikin ne zai sauya.

Malamin lissafi mai aji huɗu, kowanne da yara 60, takarda 240 ke jiransa bayan kowane gwaji. Ga shirya takardar darasi, ga tsara tambayoyi, ga shigar da maki a manhajar EducMaster. Da waya mai intanet, yana iya samun daftarin darasi cikin Faransanci da tambayoyi iri uku, na masu ƙoƙari da matsakaita da waɗanda aka bari a baya, kafin shayinsa ya huce. Sai dai na'urar kan yi kuskure ba tare da ko ɗar ba. Malamin da bai duba ba, shi zai kwafe kuskuren a kan allo.

Aikin gida ne ya fi shan wuya. Yaro a Zongon Parakou ya ari wayar yayansa bayan sallar isha'i, ya ɗauki hoton lissafin da aka ba shi, amsa ta fito layi-layi. Washegari ya miƙa takarda tsaf, ya ci 18 bisa 20. Malam ya ce, "Taso ka yi mana na biyu a kan allo." Yaro ya riƙe alli yana kallon ƙasa. Ke nan auna fahimtar ɗalibi zai koma cikin aji, baki da baki, wanda ya fi jan biro a gida cin lokaci da ƙarfi. UNESCO ma ta ba da shawara a 2023 cewa kada yaro ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji kafin ya kai shekara 13, alhali 'yan ajin farko na kwaleji da yawa ba su kai ba.

Akwai kuma batun aljihu. Malamai da dama na cike giɓin albashi da karatun yamma a gidajen masu hali. Uban da ya ga waya na yi wa ɗansa bayanin nahawun Faransanci a kan kuɗin data kawai, zai iya fara lissafi a kan abin da yake ba malamin gida duk wata.

Gwajin da Bankin Duniya ya tallafa a jihar Edo ta Nijeriya a 2024 ya ba da haske. Ɗaliban sakandare sun yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, kuma sun fi takwarorinsu cin jarrabawa. Amma malamai ne suka tsaya a kansu, suna nuna musu yadda ake tambaya da yadda ake gano amsar da ba ta yi ba.

A arewacin Benin, harshe na ƙara wa malami daraja. Djougou tsohon zango ne na fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma a aji ɗaya ana iya samun ɗan Dendi da ɗan Yom da Bahaushe da Bafulatani. A Parakou ga Bariba da Yarbawa. Na'ura ta ƙware a Faransanci, tana taɓa Hausa, amma Dendi da Yom ba su da rubutu mai yawa a intanet da za ta koya daga gare shi. Idan bayani ya cije, malami ne ke juya harshe ya warware wa yaro, shi ne kuma ke zuwa gida ya ji dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa aji.

Waɗanda ya kamata su fi sa ido su ne malaman AME, don mai aikin yarjejeniya shi ake fara taɓawa duk ranar da aka ce za a rage kashe kuɗi. Abin da zai kare su shi ne horo. Makarantun horar da malamai na Natitingou da Porto-Novo, tare da Jami'ar Parakou da aka kafa a 2001, su ne wuraren da za a koya wa malami tantance amsar na'ura da tsara gwajin da waya ba za ta yi wa yaro ba. Kafin nan, kwalejojin ƙauyukan jihohin Borgou da Donga, inda Parakou da Djougou suke, na bukatar wutar da za a yi caji da data mai araha, in ba haka ba yaran cikin gari ne kaɗai za su amfana.