Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani: Labarin Jitar Lantarki Da Akwatin Muryarta

Duk wanda ya taɓa jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san tsirkiya ɗaya tak gare shi, amma amonsa ya kan cika fili. Tsirkiya kuwa ita kaɗai ba ta da wata murya. In ka ɗaure ta tsakanin sanda biyu ka kaɗa, sai wanda ke dab da kai ne zai ji. Ɗan gwangwanin nan da aka rufe da fata shi ke karɓar motsinta ya mai da shi amo. Mun kawo wannan misali ne domin ya share mana hanya, gama labarin da za mu ba masu karatu yau na makaɗan jitar lantarki ne na Ingila da Amurka, da wata wahala da ta daɗe tana damunsu, da kuma dabarar da masu ilmin kwamfuta suka fito da ita don maganinta.

ABUBUWA UKU

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi. Katako ne curarre, an dasa masa maganaɗisu ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, an naɗe maganaɗisun da siririyar waya. In tsirkiya ta motsa sai 'yar wutar lantarki ta gudana cikin wayar, amma ƙarfinta bai kai ya motsa kome ba. Saboda haka sai a kai ta ga injin ƙara ƙarfi, watau amfilifaya. Daga nan kuma sai ta wuce zuwa lasifika, wadda a ke kafawa cikin akwatin katako. Jita, da amfilifaya, da akwati, su uku ke nan, kowanne da rabonsa cikin muryar da kunne ke ji.

Amfilifayan farko duk da bawul su ke aiki, watau 'yar kwalbar gilashin nan da ke yin ja cikin tsofaffin akwatunan rediyo. Wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙago ta cikin 1904. Cikin 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya yi mata ƙarin da ya sa ta iya ƙara wa lantarki ƙarfi. Da aka ƙago taransisto cikin 1947, ga shi ƙarami, ba ya zafi, ba ya fashewa, sannu a hankali ya kori bawul daga rediyo da talabijin. Amma makaɗan jita da yawa suka ƙi saki, har yau kuwa ba su saki ba. Dalilinsu shi ne, in aka matsa wa bawul ya wuce iyakar ƙarfinsa, ba ya yanke sauti farat ɗaya. Sai muryar ta yi kauri, ta ɗauki wani ɗan gurnani, ta daɗe ba ta mutu ba, tana kuma bin nauyin hannun makaɗi: in ya taɓa a hankali ta fito garau, in ya danna ta yi ruri. Abin da injiniyan rediyo ke kira aibi, shi makaɗi ke nema ido rufe.

INDA WAHALAR TA KE

To, ga inda gizo ke saƙa. Mafi daɗin gurnanin nan ba ya fitowa sai an murɗe amfilifaya kusan ƙarshe, domin manyan bawul na ƙarshe su ma su ji jiki. Leo Fender na Kalifoniya ya ƙera wani amfilifaya mai suna Bassman cikin shekarun 1950. Jim Marshall, mai kantin kayan kiɗa a Landan, ya kwaikwaye shi cikin 1962, ya haɗa nasa da akwati mai lasifika huɗu, faɗin kowacce inci 12. Cikin 1965, da makaɗa irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who suka matsa masa suna son ƙarin ƙara, sai ya ƙera mai ƙarfin wat 100, aka riƙa ɗora akwati bisa akwati har ya fi mutum tsawo.

Bari mu auna abin da lissafi. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Lasifikar jita mai kyau, in aka ba ta wat ɗaya tak, ta kan yi ƙarar da ta kusa desibel 100 ga wanda ke tsaye nisan mita ɗaya. Wat 100 kuwa ya kan kai abin wajen 120. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara kada mutum ya wuce awa takwas cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku sai a raba lokacin biyu. Watau a desibel 100 minti 15 ne rabon mutum a yini. Cikin 1976 an auna ƙarar wasan The Who a wani filin ƙwallo na Landan, ta kai 126. Townshend da kansa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa jinsa ya taɓu, kunnensa kuma yana yi masa ƙara. Jijiyar ji kuwa in ta mutu ba ta tsirowa.

Ban da kunne, ga maƙwabta, waɗanda a biranen Turai sau da yawa bango ɗaya ke raba su da makaɗi. Ga kuma nauyin akwatin, wanda ya kusa kilo 40.

RABON AKWATI

Mai karatu zai ce, to, me zai hana a cire lasifikar, a ɗauki sautin kai tsaye daga amfilifaya? Abu biyu suka hana.

Na farko, lasifikar jita ba mai faɗin gaskiya ba ce, kuma amfaninta ke nan. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti tun daga mai girgiza sau 20 a sakan har zuwa sau 20,000. Lasifikar jita kuwa daga wajen 80 ta ke farawa, in an wuce 5,000 sai ta yi ta dushewa. Gurnanin bawul yana tafe da wani ƙaiƙayi na siraran sautuka, kamar ƙugin zuma cikin gwangwani, lasifikar ce ke shiƙe shi ta bar tsaba. Takardar bakinta, da nauyin maganaɗisunta, da irin katakon akwatin, da ko bayansa a rufe ya ke ko a buɗe, duk suna sa hannu. Har makirufo da a ke kafawa gabanta, in aka gusa shi inci ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, murya ta sake. Ashe rabo mai yawa na abin da a ke yaba wa amfilifaya, na akwati ne da makirufo, kamar dai gwangwanin kuntigi.

Na biyu ya fi haɗari. Tsakanin bawul da lasifika akwai taransifoma. In aka kunna amfilifaya mai bawul aka kaɗa alhali babu lasifika a jikinsa, ƙarfin da ya taru cikin taransifoma ya rasa mafita, sai ya komo baya da tsananin gaske, ya huda rufin wayoyin, ko ya yi tartsatsi a gindin bawul. Taransifoman nan kuwa yana cikin mafi tsadar kayan injin duka.

ƊAN DAKO

Maganin na biyun shi aka fara samu. Aka ƙera wani ɗan akwati wanda ke tsayawa a madadin lasifika, ya karɓi ƙarfin duka ya mai da shi zafi, ya tsakuro kaɗan ya miƙa gaba. Mu kira shi ɗan dako, tun da kayan wani ya ke ɗauka. Tom Scholz, makaɗin ƙungiyar Boston, wanda injiniya ne kuma, yana cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan dabara a farkon shekarun 1980. Na farkon suna da taurin kai, nauyi ɗaya su ke nuna wa amfilifaya ko wane irin sauti ya zo. Lasifika ta gaske ba haka ta ke ba. Ko da an rubuta om 8 a bayanta, tirjiyarta ta kan hau sosai wajen kaurin sauti, ta sauka a tsakiya, ta sake hawa wajen siririn sauti, amfilifaya mai bawul kuma yana jin wannan hawa da sauka yana amsawa. Shi ya sa 'yan dako na yanzu a ke sa musu naɗaɗɗun wayoyi da ma'ajin lantarki don su kwaikwayi wannan hali.

SAWUN MURYA

Sauran muryar akwati. Tun cikin shekarun 1980 kamfanonin Jamus irin su Palmer da Hughes & Kettner suka yi na'urorin da ke tace siraran sautuka. Sun yi amfani, amma kamar zanen mutum da gawayi ne, ba hotonsa ba. Hoton sai da kwamfuta ta yi ƙarfi.

Ga yadda a ke yi. In ka shiga babban soro ka tafa hannu sau ɗaya, abin da ya komo kunnenka shi ke gaya maka girman soron da halin bangonsa. Haka a ke yi wa akwati. Ana kafa makirufo gabansa, a aika masa wani sauti sananne wanda ya tashi daga mafi kauri ya hau har mafi siriri, a ɗauki abin da ya fito. Wani malamin Jami'ar Parma ta Italiya, Angelo Farina, ya bayyana hanyar da aka fi bi yanzu cikin 2000. Kwamfuta ta gwada abin da ya shiga da abin da ya fito, ta fid da bambancin. Wannan bambanci shi ne sawun muryar akwatin, masu sana'ar kuwa da haruffa biyu su ke kiransa, IR. Tsawonsa sau da yawa bai fi kashi ɗaya cikin 50 na sakan ba.

In an zo kiɗa, na'ura ta kan yanyanka sautin da ɗan dako ya miƙo kashi 48,000 a kowane sakan, ta buga wa kowane yanki hatimin sawun nan gwargwadon ƙarfinsa, sa'an nan ta tara su. In sawun yana da ɗigo 1,024, aka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, ya haura sau miliyan 49 a sakan. Akawun da ke gama lissafi ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ya shekara ɗaya da rabi da ɗoriya kafin ya gama aikin sakan guda. Kamfanin Sony ya fito da na'urar da ke irin wannan lissafi nan take cikin 1999, don kwaikwayon amon manyan ɗakuna. Daga baya aka juyo da dabarar kan akwatin jita. Kamfanin Two Notes na Faransa da Suhr na Amurka suna haɗa ɗan dako da mai lissafin cikin akwati ɗaya wanda a ke ɗauka da hannu guda. Universal Audio ya fito da nasa mai suna OX cikin 2018, wanda ke bin wata hanyar lissafi dabam. Har Celestion na Ingila, mai ƙera lasifikun da Marshall ya yi suna da su, yanzu yana sayar da sawun muryoyinsu.

Amfanin a fili ya ke. Makaɗi ya murɗe amfilifayansa yadda ya ke so da tsakar dare, shi kaɗai ke ji ta abin sawa a kunne. A wurin wasa kuma murya ɗaya a ke samu kowane dare, ba ruwanta da inda aka kafa makirufo. Ɗan koyo wanda ba shi da kuɗin akwati ko ɗaya yana iya gwada ɗari.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Amma fa kada mu zarce da yabo. Sawu hali ɗaya ya ke kamawa. Lasifika ta gaske in ta sha wuya wayarta ta kan yi zafi, takardarta ta lanƙwashe, muryarta ta sake, sawu kuwa bai san wannan ba, ko da ya ke wasu na'urorin suna ƙoƙarin ƙara shi da lissafi. Har wa yau, iskar da akwati ke turowa ta kan komo ta girgiza tsirkiya, sauti ya yi ta zagayawa ba ya mutuwa, abin da Jimi Hendrix ya mayar gwaninta. Mai abin sawa a kunne ba ya samun wannan. Kuma abin da sawu ke bayarwa muryar akwati ce yadda makirufo ya ji ta, watau irin ta faifai, ba irin wadda ke dukan ƙirjin mai tsaye a ɗaki ba. Makaɗa da yawa da suka ce abin bai gamshe su ba, a nan suka yi tuntuɓe. Mai sauraro kuwa tun asali ta makirufo ya saba ji, saboda haka da wuya ya rarrabe.

GARGAƊI

Wanda zai yi aiki da wannan dabara ya kiyaye abu biyar. Kada ya kunna amfilifaya mai bawul sai ya tabbata lasifika ko ɗan dako na jikinsa, gama ba kowace na'urar kwaikwayon akwati ce ke ɗaukar kaya ba. Ya daidaita om, in 8 ne 8, in 16 ne 16. Ya duba ɗan dakon yana iya ɗaukar wat ɗin injinsa, ya bar masa iska domin zafi. Ya yi amfani da wayar lasifika mai kauri, ba siririyar wayar jita ba. Ya kuma tuna shirun ɗaki ba hutun inji ba ne: bawul yana cinyewa kamar yadda zai cinye a filin wasa, masana'antun da ke ƙera shi kuwa 'yan kaɗan suka rage, galibi a Rasha da Sulobakiya da Sin. Buɗe cikin injin kuma a bar wa gwani, domin akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500 a ciki, ta kan kuma maƙale ko bayan an zare waya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa cikin labarin nan shi ne, sabon ilmi bai kori tsoho ba, wuri ya yi masa. Kwalbar da aka ƙago fiye da shekara 100 tana nan tana aikinta, kwamfuta ta ɗauke mata ɓarnar da ke biye da ita. Sai dai muna roƙon malamai su ja kunnen yaransu, gama abin sawa a kunne shi ma yana kurumtarwa in an ƙure shi. Bawul in ya mutu a kan sayo wani, taransifoma in ya ƙone a kan naɗa sabo, amma ba mu taɓa jin kantin da ke sayar da kunne ba.