Waƙoƙi Bakwai da Suka Shekara 34 Suna Jiran Masu Sauraro

A wani ɗaki na saman bene a birnin Detroit na Amurka, wasu 'yan'uwa uku baƙar fata, David da Bobby da Dannis Hackney, suka fara kiɗa a 1971. David na kaɗa jita, Dannis na dukan ganguna, Bobby kuma na riƙe da jita mai kaurin amo, shi ne kuma mawaƙi. Mahaifiyarsu ta yanke musu lokaci, daga ƙarfe uku zuwa shida na yamma. Ko da hakan, maƙwabta ba su daina ƙorafin ƙara ba.

Detroit gari ne na kamfanin Motown, inda aka saba jin matashi baƙar fata na rera waƙar soyayya cikin taushin murya. Su ma da kiɗan rawa suka soma, har sai da wasan ƙungiyar The Who ta Ingila ya juya tunanin David. Daga nan suka koma kiɗa mai sauri da kaushi, waƙa gajeriya, murya a sama, kalmomi na caccakar 'yan siyasa. Irin wannan salo ne duniya ta sani daga baya da sunan punk, bayan Ramones sun fitar da kundinsu na farko a 1976, Sex Pistols kuma a 1977.

Sunan da David ya zaɓa wa ƙungiyar shi ya zame musu ƙarfen ƙafa: Death, wato Mutuwa. Mahaifinsu, wanda fasto ne, ya rasu a haɗarin mota da wani direba da ya sha ya bugu ya haddasa, kuma tun daga lokacin David ke kallon mutuwa a matsayin ƙofar wata rayuwa. Masu kamfanoni kuwa ba wannan suke ji ba idan an ambaci sunan. A 1975 'yan'uwan suka naɗi waƙoƙi bakwai a situdiyon United Sound. Kamar yadda su da kansu suka ba da labari, fitaccen mai harkar waƙa Clive Davis ya nuna sha'awar ɗaukarsu, da sharaɗin su sake suna. David ya ce atafau.

Da ƙofofi suka rufe, sai suka buga faifan garmaho guda 500 da kansu a 1976, mai ɗauke da waƙoƙi biyu. Gidajen rediyo ba su kula shi sosai ba. A 1977 suka tattara suka koma Burlington a jihar Vermont, suka yi waƙoƙin coci da sunan The 4th Movement. David ya koma Detroit a 1982, sauran biyun kuma suka kafa ƙungiyar reggae mai suna Lambsbread.

Kafin cutar dajin huhu ta yi ajalinsa a 2000, David ya damƙa wa Bobby ainihin kaset-kaset ɗin, ya ce ya adana, wata rana duniya za ta zo nemansu. Bobby ya jefa su ɗakin shirgi.

A 2008 Julian, ɗan Bobby, yana wurin wani shagali a San Francisco aka saka wani tsohon faifai, sai ya ji muryar babansa. Ashe masu tara tsofaffin faya-fayai sun daɗe suna farautarsa, har ana sayen kwafi ɗaya ɗaruruwan daloli. Shi da 'yan'uwansa Bobby ƙarami da Urian suka kafa ƙungiyar Rough Francis, sunan da baffansu David ya taɓa yin waƙa da shi, suka shiga rera waƙoƙin a bainar jama'a.

A 2009 Bobby da Dannis suka koma dandamali, Bobbie Duncan na Lambsbread ya riƙe jita a gurbin marigayin. Fim ɗin tarihinsu, A Band Called Death, ya fito a 2012, sabon kundi kuma a 2015. Amma tun a watan Fabrairun 2009 kamfanin Drag City na Chicago ya fitar da waƙoƙin nan bakwai, kuma a jikin faifan aka rubuta sunan da David ya ƙi sakewa.