Fumfunar Ganye a Garkar Gida: Yadda Take Kama Rama da Danginta, da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

A ƙauyukan yammacin Jihar Kano, daga Jama'a da Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo har zuwa Garo da Gude a ƙasar Kabo, da wuya a sami gidan da ba ya shuka rama ko yakuwa ko kuɓewa, ko dai a garkar gefen gida ko kuma a iyakar gona. Waɗannan tsirrai ba sa cika rumbu kamar gero da dawa, amma su ne mahaɗin tuwo, kuma su ne jarin mata da yawa. Da ganyen rama ake yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli, da ɓawonta ake tufka igiya. Yakuwa kuwa tana ba da ganyen miya da fate, da zoɓo, da kuma 'ya'yan da ake yin daddawar batso da su. Saboda haka duk cutar da ta kama ganyen waɗannan tsirrai ta taɓa tukunyar gida kai tsaye, musamman a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Mafi yawan ɗige-ɗige da farin garin da ake gani a kan irin wannan ganye aikin fumfuna ne. Wannan maƙala za ta bayyana yadda fumfunar take rayuwa, da yadda ake gane ta, da kuma abin da mai garka zai yi kafin ya kai ga sayen magani.

Rama da Mai Kama da Ita

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa wa rama sunan kimiyya Hibiscus cannabinus a shekarar 1759. Kalma ta biyu ta sunan tana nuni ne ga kamannin da ganyen rama mai yatsu yake yi da ganyen tabar wiwi. To amma kama da wane ba ta wane ba ce. Rama 'yar dangin auduga ce da kuɓewa da yakuwa, ba ta da sinadarin da ke sa maye, kuma tana da babban fure mai launin ɗorawa-ɗorawa da jan ciki, wanda wiwi ba ta da irinsa. Yatsun ganyen rama a haɗe suke daga tushe kamar tafin hannu, na wiwi kuwa kowane yatsa zaman kansa yake yi. Wannan kamanni ya taɓa jawo rikici a Amurka a shekarar 2003, inda jami'an tsaro a Jihar Misisifi suka sare wata gonar rama bisa zaton wiwi ce.

A Nijeriya shuka wiwi laifi ne a ƙarƙashin dokar da aka kafa a kanta a shekarar 1966, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ce ke farautar masu noma ta. Rama kuwa halastaccen amfanin gona ne, wanda har an taɓa kafa masana'antun buhu a Jos da Badagiri da niyyar su dogara da zarenta.

Mene ne Fumfuna?

Fumfuna halitta ce mai rai, ba dabba ba ce, ba kuma tsiro ba ce. Danginta ne ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, danginta ne kuma yis ɗin da ke kumbura burodi. Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke amfani da shi wajen haɗa abinci daga hasken rana, don haka dole ta ci daga jikin wani. Jikinta wasu siraran zaruruwa ne da ido ba ya ganin ɗaya ɗaya sai da na'urar ƙara girman ƙananan halittu. Tana yaɗuwa ne ta hanyar wasu 'yan ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, waɗanda iska da fantsalin ruwan sama ke ɗauka daga ganye zuwa ganye.

Idan ƙwayar irin ta sauka a kan ganyen da ya dace da ita, sai ta tsiro, ta shiga ta ƙananan ƙofofin numfashin ganyen ko ta huda fatarsa, ta fara tsotse abincin da ke ciki. Ana ɗaukar kwanaki kafin alama ta bayyana. Wato ke nan a ranar da mai garka ya ga ɗigo na farko, cutar ta riga ta daɗe a ciki, kuma sabon iri ya fara tashi zuwa maƙwabta. Wannan shi ne dalilin da ya sa maganin fumfuna ya fi aiki a matsayin riga-kafi.

Masana sukan ce cuta ba ta tashi sai abubuwa uku sun haɗu, kamar duwatsun murhu: tsiro mai rauni a gare ta, da ƙwayar cutar, da yanayin da ya dace. In aka cire dutse ɗaya tukunya ba ta zama. A kan wannan ƙa'ida aka gina duk dabarun da za su zo a gaba.

Cutar Damina da Cutar Rani

Kashi na farko shi ne ɗige-ɗigen ganye na damina. Dangin fumfunar da ake kira Cercospora su ne kan gaba a nan. A kuɓewa sukan fito da tabo mai ruwan ƙasa, ko wani baƙi-baƙi kamar kunkunniya a bayan ganye. Daga nan ganyen ya yi rawaya, ya naɗe, ya zube, ana farawa daga na ƙasa. Wata fumfunar mai suna Coniella tana kama rama da yakuwa, inda tabon ke faɗaɗa har ya ƙone ganyen, kuma masu bincike a Samaru ta Zariya sun yi nazarinta a kan rama. Irin waɗannan cututtuka suna bukatar ganye ya daɗe a jiƙe na sa'o'i masu yawa, shi ya sa suke ƙamari a lokacin marka, wato watan Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da ruwa ke yawan sauka, raɓa kuma ta kai hantsi ba ta bushe ba. Suna yin rani ne a cikin busasshen ganye da karan da aka bari a ƙasa, wasu kuma a jikin iri.

Kashi na biyu shi ne farin gari, wanda ke sa ganye ya zama kamar an barbaɗa masa toka ko garin tuwo. Shi wannan bai damu da ruwan sama ba, hasali ma ruwa mai ƙarfi yakan wanke shi. Ƙwayar irinsa tana ɗauke da ruwanta a cikinta, don haka tana iya tsirowa a kan busasshen ganye. Saboda haka ya fi yawa a ƙarshen damina da lokacin hunturu, a lambunan noman rani irin na bakin madatsun ruwan Magaga da Guzu-Guzu. A kuɓewa da kabewa garin yakan rufe saman ganye. Wani nau'in mai suna Leveillula taurica, wanda ke kama rama da tumatir da barkono, cikin ganyen yake shiga, sai a ga tabon rawaya a sama, farin garin kuma a ƙasa. Don haka wajibi ne mai duba garka ya riƙa juya ganye yana kallon bayansa.

Ba kowane rawayan ganye ne fumfuna ba. In tsofaffin ganyaye suka yi rawaya bai ɗaya ba tare da tabo ba, galibi yunwar taki ce. In sababbin ganyaye suka ƙanƙance, suka murɗe, ko suka yi dabbare-dabbare, to akwai yiwuwar cutar bairos ce da ƙwari ke yaɗawa, wadda maganin fumfuna ba ya yi mata komai. Ƙananan huji kamar na allura kuwa cizon ƙwaro ne. Fesa maganin da bai dace ba asarar kuɗi ce, da kuma ɗora guba a kan abinci ba gaira ba dalili.

Darasi Daga Tarihi

Duniya ta koyi girman wannan matsala ne da tsada. Daga shekarar 1845, wata cuta mai kama da fumfuna ta ruɓar da dankalin Turawa a ƙasar Ailan, aka yi yunwar da ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya. A wannan shekara ce kuma aka fara ganin farin gari a kan inabi a Ingila, daga nan ya bazu zuwa Faransa, har manoma suka gano cewa barbaɗa farar wuta yana tsayar da shi. A shekarar 1885 wani malamin jami'a a birnin Bodo na Faransa, mai suna Millardet, ya bayyana wani haɗi na gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa da ruwa, bayan ya lura cewa inabin bakin hanya da ake shafa wa irin wannan haɗi don tsorata ɓarayi bai kamu da cutar ganye ba. Har yau farar wuta da jan ƙarfe suna cikin manyan magungunan fumfuna a duniya.

Riga-kafi a Garka

Mataki na farko shi ne tazara. Rama da yakuwa da aka watsa suka yi cunkoso ba sa barin iska ta ratsa, sai ganye ya kwana ya wuni a jiƙe. Rage su tun suna ƙanana riba biyu ce, domin wanda aka cire ya shiga tukunya, wanda ya rage kuma ya sami iska. Haka nan garkar da ke ƙarƙashin inuwar katanga ko bishiya ta fi saurin kamuwa.

Na biyu, a noman rani a zuba ruwa a gindin shuka da safe, kada a watsa shi a kan ganye da yamma. Na uku, a riƙa zagaya garka sau biyu a mako, a tsinke ganyen da ya fara tabo, a fitar da shi a binne ko a ƙone, kuma a guji shiga tsakanin shuka alhali raɓa ba ta bushe ba, domin hannu da tufafi suna ɗaukar ƙwayoyin irin. Na huɗu, bayan girbi a kwashe kara da busasshen ganye. Na biyar, a riƙa sauya wuri. Tun da rama da yakuwa da kuɓewa da auduga dangi ɗaya ne masu tarayya a wasu cututtuka, maye gurbin ɗaya da ɗaya ba sauyi ba ne, sai dai a sa masara ko dawa ko albasa na shekara biyu. Na shida, a ɗebi iri daga lafiyayyun tsirrai kawai, a shanya shi ya bushe sarai. A ƙarshe, a yi hattara da yawan takin yuriya, domin yana fito da ganye mai taushi wanda farin gari ya fi so. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya fi dacewa da garka.

Idan Cuta ta Riga ta Kama

Ga farin gari akwai magunguna masu sauƙi. A shekarar 1999 wani masani a ƙasar Birazil, Wagner Bettiol, ya wallafa binciken da ya nuna cewa fesa madarar shanu da aka sirka da ruwa yana rage farin gari ƙwarai a kan wani nau'in kabewa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 1 na madara cikin kashi 9 na ruwa, a fesa sau ɗaya ko biyu a mako. Bakin soda na masu yin kek shi ma yana taimakawa, kimanin giram 5 cikin lita ɗaya ta ruwa. Kanwa tana ɗauke da makamancin wannan sinadari, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka tana iya ƙone ganye. Man darbejiya kuma yana rage farin gari da wasu ƙwari in cutar ba ta yi nisa ba. Ko wanne za a yi amfani da shi, a gwada a kan tsiro biyu ko uku, a jira kwana biyu a gani. Farar wuta ta feshi tana da ƙarfi a kan farin gari, sai dai tana ƙone ganye in zafi ya haura digiri 30, saboda haka ba a fesa ta da tsakar ranar bazara.

Ga ɗige-ɗigen damina, magungunan jan ƙarfe da wanda ake kira mankozeb su ne aka fi samu a kasuwa. Suna rufe lafiyayyen ganye ne su hana sabuwar ƙwaya tsirowa, ba sa mayar da tabon da ya riga ya fito. A nan akwai babban abin lura: auduga ba cin ganyenta ake yi ba, amma rama da yakuwa ganyen da aka fesa shi ne abincin. Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa waɗanda dole a jira kafin a tsinki ganye, kuma garkar da ake tsinka kullum ba ta iya cika wannan sharaɗi. Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da mankozeb a ƙarshen shekarar 2020 saboda dalilan lafiyar ɗan'adam. Saboda haka a ƙaramar garka tsinke ganyen da ya kamu ya fi feshi hikima. Wanda ke da babban lambu ya nemi shawarar malamin gona na hukumar KNARDA, ya sayi magani mai lambar rajistar NAFDAC a cikin mazubinsa na asali, ya rufe hanci da hannu, ya nisanta yara, kada kuma ya wanke tankin feshi a rafi ko kusa da rijiya.

Kammalawa

Ilimin wannan fanni yana kusa da manoman yankin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da masana cututtukan tsirrai, haka ma Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero a Kano. Manomin da ya ga alamar da bai gane ba yana iya sa ganyen cikin takarda, ba leda ba, domin leda tana ruɓar da shi, ya miƙa wa malamin gona a kai a duba. Amma mafi yawan aikin a garka yake: tazara, da tsabta, da sauya wuri, da ido mai juya ganye ya dubi bayansa tun tabo yana ɗaya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a sha'anin fumfuna kwana bakwai na farko su ne ke raba mai tsinkar ganye har kaka da wanda zai koma saye a kasuwa.