Yadda ake ƙara wa na'ura sabon kati tana tsaka da aiki

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 bai manta wahalar canja layi ba: a kashe waya, a ɓalle murfi, a cire batir, sannan a kai ga sim. Yau kuwa yaro a Abakpa zai zura allura ya zaro sim ya sa wani, waƙar da yake saurare ko tsayawa ba ta yi ba. Wannan dabara ita injiniyoyi ke kira hot swap, wato cire wani sashe na na'ura ko ƙara shi alhali wuta na jikinta.

A waya, sauƙi ne kawai. A ƙarfen sabis kuwa, larura ce. Cikin akwatin da ke gindinsa akwai wasu na'urori jere kamar aljihunan tebur, masu juya wutar layi ko ta janareta zuwa volt 48 da kayan sadarwa ke sha. Idan an ƙara wa ƙarfen kaya, ma'aikaci zai tura ƙarin guda cikin gurbin da aka bari, sauran na ci gaba da aiki. Da sai an kashe komai, da mai POS na bakin titi da mai jiran kuɗinsa su shigo duk sun ji a jikinsu.

Sirrin farko yana bakin fulogi. Wanda ya leƙa cikin tsohon kan USB, mai faɗin nan, zai ga ƙarafa huɗu, kuma biyun gefe sun fi na tsakiya tsawo. Da gangan aka yi. Dogayen su ne na wuta, su ke fara haɗuwa, sannan na bayanai su biyo baya. Sirri na biyu shi ne hana sabon sashen zuƙar wuta da haɗama lokacin da ya shiga, domin hakan na iya sa wutar maƙwabtansa ta yi ƙasa har su ɗauke. Don haka ake sa masa da'irar da ke shayar da shi kaɗan-kaɗan.

Inda abin ya fi tsauri shi ne masana'anta. Can akwai kwamfutar da ake kira PLC, wadda ta samo asali a 1968 lokacin da kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya nemi abin da zai maye gurbin tarin makunnai. Ita ke buɗe bawul, ta tayar da famfo, ta lura da zafi. A gidan ruwa ko kamfanin lemo, tsayar da ita na nufin tsayar da layin gaba ɗaya, wani lokaci har da asarar abin da ke cikin bututu.

Kuma zura katin bai wadatar ba, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta san da zuwansa. A samfurin S7-400 na Siemens, injiniya kan ware wa baƙon gurbi a manhaja tun kafin a fara aiki, kamar uwargida da ta ɗebe tuwon wanda bai iso ba. Ranar da aka kawo katin, na'urar kan ɗan dakata ta karɓe shi, yawanci bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, famfo da injina kuwa suna nan yadda ta bar su. Wanda bai ware gurbin ba, ba makawa sai ya tsayar da aiki.

Kamfanin Rockwell ma ya yarda a cire ko a sa kati a ControlLogix da wuta a jiki, amma da kashedi: tartsatsi na iya tashi. A wuri irin matatar man Kaduna, da aka buɗe a 1980, inda iskar gas kan iya yawo, ƙaramin tartsatsi ba abin wasa ba ne, sai an tabbatar iskar wurin lafiya take.

Ga masu kwamfuta a gida, iyakar a fili take. Filas, linzami da abin jin sauti duk an yi su ne don a sa a cire. RAM kuwa ba haka aka ƙera shi ba, kuma wanda ya zare shi kwamfuta na kunne yana iya ƙona shi tare da allon da yake zaune a kai.