YADDA A KE SHIRYA FAIFAN AJIYA NA OFIS

Wata rana na kai ziyara wata makaranta a lardinmu, sai na tarar da hedimasta da akawunsa sun yi jugum. Ashe faifan kwamfutar ofis ne ya mutu, ya tafi da makin jarrabawar yara na shekara uku duk da lissafin kuɗin makaranta. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi wa malamai da akawuna bayani game da akwatin ajiya, watau injin nan mai faifai da yawa wanda kwamfutocin ofis duka su ke ajiya cikinsa ta waya.

Kowane faifai yana da ranar mutuwarsa. Saboda haka a 1988 waɗansu masana uku na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka buga takarda kan dabarar haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. Ita a ke kira RAID. Abu uku a ke nema gare ta: sauri, da tsaro, da yalwar wuri. Ba su samuwa cif gaba ɗaya, tilas a rage wani don a ƙara wani.

Mu ɗauka an sayi faifai shida, kowane mai terabait 4. Tsari na farko, RAID 0, yana yayyanka kowace takarda ya rarraba wa faifan duka. Wuri ya kai terabait 24, aiki kuma sai ka ce walƙiya. Amma sauri ya haifi nawa, gama in faifai ɗaya ya mutu, kome ya tafi. Kada a sa takardun albashi a nan.

RAID 1 kamar rubutu da kabon ne. Abin da aka rubuta a faifai ɗaya a kan rubuta shi a na biyu nan take. Rabin wuri ke nan ya tafi. In an jera irin waɗannan tagwaye uku, sa'an nan aka rarraba aiki tsakaninsu, shi ne RAID 10. Wuri terabait 12 kaɗai, amma akwai sauri, ga tsaro.

RAID 5 kuwa kowane akawu zai gane shi. In ka rubuta 7 da 4 da 9, ka sa jimla 20, sa'an nan gara ta ci 4 ɗin, ai sai ka ɗebe 16 daga 20 ka mai da shi. Lissafin injin ya sha bamban kaɗan, amma dabarar ɗaya ce. Wurin faifai ɗaya a kan ba wannan lissafi, saura terabait 20. Yana jure mutuwar faifai ɗaya kawai. Haɗarinsa yana wajen gyara: in an sa sabon faifai, sai injin ya karanta sauran kakaf kafin ya cika shi, aikin da kan ci sa'o'i masu yawa. In wani ya mutu cikin wannan lokaci, shi ke nan. RAID 6 yana lissafi biyu, ya bar terabait 16, ya jure mutuwar faifai biyu. A ganina shi ya fi dacewa da takardun makaranta da na baitulmali.

Sai a kiyaye abu uku. Na ɗaya, faifan su zama girma ɗaya, don a tsarin da aka saba da ma'aunin ƙarami a ke auna manya. Na biyu, a haɗa akwatin da batirin tsaro, kada wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. Na uku, wanda ya fi duka, RAID ba ya maganin gobara ko ɓarawo, kuma abin da akawu ya share bisa kuskure ya sharu a faifan duka. Lalle ne a ajiye kwafi uku, a kayan ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam.

Tun ran gini ran zane. Wanda aka danƙa wa amanar takardun jama'a, ya zaɓi tsarinsa tun kafin a zuba kome ciki. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.