Ƙyale-su: Karen gidanmu da ba wanda ya yi mana gaisuwarsa

Da yamma ƙanena ya kira ni daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Daura zuwa Zango. Bai ko tsaya gaisuwa ba, ya ce: "Yaya, an kashe Ƙyale-su." Na ajiye wayar na yi shiru. Abokin da muke zaune tare ya tambaye ni wa ya rasu, na rasa amsar da zan ba shi. A ƙasar Hausa ba a cewa ana jimamin kare. Sunansa ma zagi ne, in an ce wa mutum "ɗan kare" to faɗa ya tashi.

Shekara 9 Ƙyale-su ya yi tare da mu. Baba ne ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo daga wajen wani mafarauci, bayan an sace mana awaki biyu a dare ɗaya. Sunan nasa habaici ne ga maƙwabtan da suka yi ta surutu wai dattijo mai sallah ya ajiye kare. Haka mutanenmu suke raɗa wa karnuka suna, a faɗi magana ba tare da an kama sunan kowa ba.

Bai taɓa shiga tsakar gida ba, kuma bai taɓa nema ba. Wurinsa gindin darbejiyar da ke kusa da turken awaki. Inna tana jiƙa masa ƙanzo da ragowar tuwo a wani tsohon kasko, tana yi tana mita, amma ban taɓa ganin ranar da ta manta ba. Da damina shi ke gaba in za a tafi gonar gero. Ranar Lahadi in Baba ya kai dabba kasuwar Mai'adua, a bakin titi Ƙyale-su yake wuni har ya dawo. Tun da ya girma ba mu sake rasa ko ɗan akuya ba.

Surutun maƙwabta kuwa Baba da kansa ya kai shi gaban malamin garinmu. Malam ya ce masa hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7. Ya tuna masa labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da karen Ashabul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata. Daga ranar Baba bai ƙara kula kowa ba.

Abin da ya faru kuwa, wani baƙon kare ne ya faɗo garken cikin dare yana dalalar da miyau. Ƙyale-su ya tare shi, suka yi ta kokawa har samari suka fito da sanduna. Ya tsira da cizo a wuya. Aka shafa masa toka aka ce zai warke. Bayan kusan mako uku ya daina cin abinci, muryarsa ta canza, ya fara kai wa igiyarsa da itace cizo. Ranar da ya yi wa Inna gurnani, Baba ya aika a kira maharbi, shi kuma ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

A nan ne laifinmu yake, kuma nawa ya fi, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Shekara 9 ba mu taɓa yi masa allurar rigakafin ciwon haukar kare ba. Allurar nan ba daga wata uwa duniya ake jiran ta ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Ƙwayar cutar a miyau take, tana bin jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana, a kare ko a mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara da yawa a cikinsu. Duk ranar 28 ga Satumba ana bikin yaƙi da cutar, na sha ganin labarin ina wucewa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya toka ko jiƙo. Allah ya taimake mu Ƙyale-su bai ciji kowa ba, alhali jikokin gidan a gabansa suke wasa kullum.

Ƙanena ne ya haƙa rami mai zurfi a ƙarshen gona ya binne shi. Da na je gida bayan mako biyu, na tarar da kaskon yana nan a gindin darbejiya. Na ce, "Inna, ba a ɗauke wannan ba?" Ta ce, "Babanku ya ce a bar shi."

Watan jiya mafaraucin nan ya aiko da wani ɗan kwikwiyo ja. Ƙanena ya sa shi a kwali, ya ɗaure a bayan babur ya kai shi wajen likitan dabbobi a cikin Daura, aka yi masa allura aka ba shi kati. Yana cin abinci a kaskon. Har yanzu Baba bai raɗa masa suna ba.